Tukunyar Kabarin Baƙo

Wani ƙauye a bayan Bwari, Abuja
Laraba, 7 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Muhibba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna, ana dai ci gaba da ɗiga mata maganin idon? Ina fata ruwa ya sauka a Damagaram bayan tahowata, don na baro gero yana jin ƙishi. Ni lafiya lau nake, sai gajiyar mota ta kwana biyu.

Na zaɓi in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in turo miki ta waya, maimakon in kira, saboda kin san Inna. Tun da idonta ya tafi kunnenta ya ninku, ko a zaure kika amsa waya sai ta ji daga ɗaki. Ki karanta ke kaɗai, sannan ki tace mata abin da ya dace.

Ki ce mata ban manta da saƙonta ba. Zan ga kabarin Ɗan'auta da idona, in tabbatar an fuskantar da shi alƙibla, in kuma riƙe hanya, don bayan girbi in kawo ta ta dafa ƙasar da hannunta. Maganar da ta yi mini a bakin ƙofa, cewa tun da ba ta ga fuskarsa ba ko ƙasar da ta rufe shi ta taɓa, ita ta raka ni har nan.

Jonah ne ya tarye ni a tashar Bwari, mutumin nan da ya kira mu cikin azumi ya sanar da mu rasuwar. Manomi ne, ɗan kimanin shekara arba'in, mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Tun a kan babur na fara kwafsawa, na tambaye shi ko nan ne garin Gwarawa. Ya rage gudu ya ce mini sunansu Gbagyi, wancan sunan mu ne muka laƙaba musu. Na yi ta ƙoƙarin furta kalmar har muka iso, harshena ya ƙi, shi kuwa yana ta dariya.

Yaya, ƙasar nan kore ce shar, ga duwatsu manya manya kamar an kifa akussa. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne matansu. Ba sa ɗaukar kaya a ka. Itace, doya, tulun ruwa, duk a kafaɗa suke ɗorawa, a bayan wuya, su sunkuya suna tafiya. Na ce wa Jonah ko gammo ne ya yi tsada a ƙasarsu. Ya ce a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, shi yake yi wa mutum tunani, ba a mayar da sarki jaki. A nan ya kayar da ni, kuma kin san ba kasafai hakan ke faruwa da ni ba.

Hausarsu kuma sai ki riƙe ciki. Namiji mace ne, mace namiji ce. Mahaifiyar Jonah, Mama Christina, da ta gan ni sai ta kama hannuna biyu tana kuka tana cewa, “Yayan Baƙo ta zo.” Ashe Baƙo suke kiran Ɗan'auta, babu wanda ya san shi da Abdulhakim a nan. Na janye hannuna a hankali, ina jin ta lura.

Tsohuwa ce ƙarama, maginiyar tukwane, hannunta kaushi kamar ɓawon itace. Ita ce ta tsince shi shekara biyu da suka wuce a kasuwar Bwari, kwance da zazzaɓi a gefen rumfarta, bayan an sallame shi daga gadin da yake yi a Maitama. Ta kawo shi gida ta yi jinyarsa, da ya warke bai tafi ba. Ya zama shi ke haƙo mata yumɓu, shi ke saro itacen gashin tukwane, shi ke kai su kasuwa. Ban da cewa ya tare a gidansu, duk wannan bai taɓa gaya mana ba. Ko kuwa ya so gaya mini ne a kiran nan da na daina ɗauka.

Gida ɗaya, addini uku. Mama Christina da Jonah coci suke zuwa, ƙanen mijinta liman ne na ɗan masallacin ƙauyen, wani tsoho kuma a gidan yana nan kan abin kakanni. Tuwo ɗaya suke ci. Saboda ni aka sayo sabon kwano, aka kira liman ya yanka kaza a gabana don kada in yi shakka. Duk da haka sai da na yi ta juya loma kafin in haɗiye, ba zan ɓoye miki ba.

Ba su kai ni kabarin ba tukuna. Al'adarsu a nan baƙo ba ya zuwa wurin matattu sai ya ci ya kwana uku da masu rai. Na nuna ina sauri, suka nuna ba su ji ba. Wani abu kuma da na gani, kusan kowane bango a ƙauyen an shafa masa jan fenti, an gicciya. Jonah ya ce an ba wani kamfani filin zai gina rukunin gidaje, su kuma za a mayar da su wani wuri can gaba, amma sai bayan girbi. Ki bar wannan tukuna, kada ki gaya wa Inna.

Ki gaishe ta da kyau, ki gaida maigidan da ɗiyarki Kauthar.

Ƙanenki,
Zulkifilu


Lahadi, 11 ga Agusta

Yaya Muhibba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya. Na ji daɗi da kika ce ruwa ya sauka, Allah ya sa mai albarka ne. Yaya ƙafar Inna da sanyin damina?

Ki yi mata albishir, jiya na ga kabarin. Liman ya zauna ya ba ni labarin komai tiryan tiryan. Shi ya yi masa wanka da hannunsa, Mama Christina ce ta sayo likkafani, mutum goma sha ɗaya suka sallace shi. Ban tsaya a maganarsa ba, kin san halina, shekara goma sha biyu ina karantarwa a Islamiyya ba a banza ba. Na fito da waya na auna alƙibla a kan kabarin, ta zauna daidai. Na yi masa addu'a, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kira mu. Wannan shi ne rabon Inna a wasiƙar nan, saura naki ne.

Yaya, maƙabartar tasu guda ce, a bayan wani dutse, ƙarƙashin wata babbar ɗorawa. Kirista, Musulmi, mai bin gargajiya, duk a wuri ɗaya, kowa dai da yadda aka kwantar da shi. Babu allo, babu suna. A kan kowane kabari an kifa tukunya, an huda gindinta, an yi mata zane tun tana ɗanya. Ta mafarauci da baka, ta ungozoma da wuƙa, ta wani yaro da tsuntsu. Mama Christina ce ke gina su, kafin ita uwarta, kuma da zanen suke gane wanda ke kwance. Ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa ya baje tudun kaburburan, in ba don tukwanen ba sai ki ce saura ce.

A kan ɗan'uwanmu ma akwai. Baƙar tukunya ce mai sheƙi, an zana mata buta, a gefe kuma 'yan layuka uku irin tsagar da ke kuncinsa. Da na ga tsagar nan sai na ji kamar shi ne ya leƙo. Ina cikin haka sai tsohuwar ta sauke tulu daga kafaɗa, ta durƙusa, ta tsiyaya ruwa ta hudar tukunyar tana magana da yarensu a hankali, kamar mai lallashin yaro. Jonah ya ce duk Asabar haka take yi tun da aka binne shi.

Na tambaye shi ma'anar abin. Ya ce tsofaffi suna cewa mamaci ma yana jin ƙishi, su kuwa 'yan coci sun ɗauke shi alama ce kawai da tunawa. Ya ƙara da cewa tukunyar nan ita ce aidi kat ɗin Baƙo, wato katin shaidarsa, wanda ba shi da ita ba shi da suna a wurin nan. Na ji maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, don raina ya riga ya ɓaci. Ɗan Malam Habu, wanda ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu, a ce ana shayar da shi ta gindin tukunya kamar abin tsafi.

Da ta gama sai ta miƙo mini tulun. Ta ce da Hausarta, “Ni na riƙe ta wata biyar. Yanzu jininta ya zo, kai ne mai shi.” Jonah ya bayyana mini cewa haka suke yi, wanda ya kula da kabarin baƙo yana miƙa shi ga dangi idan sun zo, kuma ba ya sake taka wurin sai sun tafi, don kada a ce yana yi musu shisshigi. Na karɓi tulun na ajiye a ƙasa.

Da yamma na zauna ina kallon yadda take gini. Ba ta da wani abin juyi, ita ce ke zagaya tukunyar da baya da baya, tana jan yumɓu sama da yatsu, har sai abu ya tashi sumul. Ta nuna mini inda Ɗan'auta yake shimfiɗa buzunsa, da ƙusar da yake rataye carbinsa. Ta ce cikin azumi ita take tashinsa sahur, ta ɗumama masa tuwo. Ta san abincin da ba ya so, ta san waƙar da yake yi in yana sara itace. Ni da muka fito ciki ɗaya, maganata ta ƙarshe da shi faɗa ce, na ce masa ya zubar da mutuncin gidanmu da ya tare a gidan arna. Na kashe waya a kunnensa. Kishi nake ji da tsohuwar nan, Yaya, gara in faɗa miki gaskiya.

Tukunyar nan ta tsaya mini a rai, ko barci ban yi na kirki ba. Ki taya ni da addu'a Allah ya nuna mini daidai.

A gaida Inna, a ce mata ɗanta yana kwance lafiya a inuwa.

Naki,
Zulkifilu


Gwagwalada
Asabar, 17 ga Agusta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Na ga saƙonki cewa Inna ta sa an ciro mata jakarta tun yanzu, ta ninke zanenta biyu a ciki, har da dabinon da za ta kawo wa matar da ta yi jinyar ɗanta. Na yi dariya, girbi da saura amma ita ta riga ta hau mota. Na kuma ga inda kika ce in bar mutane da al'adarsu, baƙo ba ya gyara gari. Shawararki ta iso a makare.

Ranar Alhamis da hantsi, gari ya watse, wasu gona wasu kasuwa, na tafi maƙabartar ni kaɗai. Na ɗaga tukunyar, ta fi yadda na zata nauyi. Na kai ta bakin rafin da ke gangaren dutsen, na buga ta a kan wani faffaɗan dutse, na watsa tsingaron a ruwa. Na dawo na samo dutse madaidaici na ajiye a wajen kansa, yadda sunna ta koyar. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa. Ba wanda ya gan ni, kuma ban gaya wa kowa ba. Na ce in na zo tafiya zan zaunar da tsohuwar in yi mata bayani cikin hikima.

Kada ki yi mini faɗa. Haƙƙin ɗan'uwana ne a kaina in raba shi da abin da bai dace da shi ba, ban yi masa komai yana raye ba, ko wannan in yi masa. Sai dai ban ji sanyin da na zata zan ji ba. Da na juyo zan tafi na waiga, sai da na ɗan yi lalube kafin in gane dutsena, don wurin duk duwatsu ne irinsa.

Jiya na shigo gari. Na bi ta Maitama don in ga gidan da ya yi gadi. Unguwa ce shiru kamar ba mutane, katanga ta fi mutum biyu tsawo, furanni sun fi yaranmu samun ruwa. Mai gadin da ke wurin yanzu bai taɓa jin sunansa ba. Daga nan na wuto Gwagwalada, babban asibitin da ya cika, don in karɓi takardar shaidar rasuwa. Na iso an tashi, sai Litinin. Ina kwana wurin wasu 'yan ƙasarmu masu sayar da albasa a kasuwa, sun karɓe ni hannu biyu.

In Allah ya so Talata in koma ƙauyen in yi sallama, Alhamis ina hanya. Ki gaida Inna.

Zulkifilu


Sabon matsuguni, gaba da Bwari
Juma'a, 23 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Muhibba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da mutanen gida duka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga kiranki har sau tara. Lafiyar jikina ƙalau, kasa ɗauka na yi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma ki yi nesa da ɗakin Inna.

Ranar Litinin da safe ina kan layi a asibiti Jonah ya kira ni. Ya ce mutanen kamfani sun zo da katafila biyu da motar 'yan sanda, ba su jira girbin ba, kuma ta maƙabarta za su fara don ta nan hanyarsu za ta bi. Na ce to kabarin fa? Ya ce kada in damu, wannan an gama maganarsa tun bara. Dattawan ƙauye sun yi ta kai da kawowa har kamfanin ya sa hannu cewa duk kabarin da ke da tukunya za a tone shi, a sa mamacin a akwati, a kai shi sabon wuri tare da tukunyarsa. Ya ce, “Baƙo tana da nata, ai ka gani da idonka.”

Yaya, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma huɗu ce kawai, na fasa ta, Jonah. Da na faɗa, da ya ruga ya tsaya a kan wurin, ko ya kira uwarsa ta nuna. Amma sai na ji harshena ya yi nauyi. Na tuna sabon kwanon da aka saya mini, na tuna likkafanin, na ce a raina bari in je da kaina in nuna musu dutsen, ba sai kowa ya ji ba. Na ce masa ga ni nan zuwa. Kunyar minti ɗaya na guje wa.

Tsakanin Gwagwalada da Bwari tafiya ce, ga ruwa ya tsuge, ga cunkoso a hanya. Muna tsaye cik wajen awa guda sai hankalina ya dawo jikina, na kira shi. Ba ya ɗauka. Na kira ya fi sau ashirin. Ashe an tattara mutanen ƙauyen duka a filin makaranta, an ja igiya, ana ta hayaniya da koke koke, wayar tana aljihunsa bai ji ba. Ba a bar kowa ya matsa kusa ba, leburorin da aka ɗauko daga wani wuri su suka yi tonon. Ba su san kowa ba, tukunya kawai suke bi.

Na iso bayan la'asar. Akwatuna na jere a filin makarantar, kowanne da tukunyarsa a kai. Mama Christina tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, ta kai ƙarshe ta dawo farko. Sittin da uku. A takardar sarkin ƙauye sittin da huɗu ne. Shugaban leburorin ya ce su abin da suka gani suka ɗauka.

Na ruga bayan dutsen. Babu ɗorawa, babu ciyawa, babu duwatsun. Jar ƙasa ce shimfiɗe tun daga gindin dutsen har bakin rafi, sai sawun katafila. Na fito da hoton da na ɗauka ranar da aka fara kai ni kabarin ina dubawa, abu biyu ne a cikinsa da za a gane wuri da su, itacen da tukunyar. Na yi ta zagaye cikin taɓo ina auna taku daga inda nake zaton itacen yake, har aka zo aka fitar da ni. Washegari sun kewaye wurin da kwanon rufi. Mai gadin da aka sa a ƙofa yaro ne ɗan wajen Magarya, da irin tsagarmu a fuska. Na roƙe shi da harshen gida, ya ce in yi haƙuri, oga ya hana, in ya bar ni aikinsa zai tafi. Na je ofishin kamfanin da liman da Jonah sau biyu. An karɓe mu da mutunci, aka ce in za mu iya nuna daidai wurin za a duba. Ba mu iya ba.

Tun ranar Litinin ɗin, a gaban akwatunan nan na faɗi abin da na yi, a gaban kowa. Na zaci za a dake ni, da ma an dake ni ɗin. Jonah ya juya mini baya. Liman ya dube ni ya tambaye ni, a ƙasarmu da me muke rufe ramin kabari kafin a zuba ƙasa? Yaya, da fasassun tukwane muke rufewa, ni da hannuna na jera su a kan Baba. Liman ya ce shi ma ruwan da tsohuwar take zubawa bai taɓa kwanta masa ba, amma ya bar ta, don ruwa bai taɓa hana mamaci jin addu'a ba. Garin neman gira na rasa ido.

Tsohuwar kuwa ta koma kan akwatunan tana shafawa. Ranar Laraba aka kwashe matattun zuwa sabon wuri. Maza suka bi motar akwatuna, mata kuwa suka ƙi yarda a loda tukwanen, kowace ta ɗauki ta gidansu a kafaɗa, suka jera a ƙafa, tafiyar awa biyu cikin yayyafi. Mama Christina tana cikinsu, kafaɗarta ba komai, amma a sunkuye take tafiya kamar sauran. Na bi su a baya can nesa.

A sabon wurin samari sun haƙa ramuka bisa lissafin takardar sarki. Na Ɗan'auta liman ne ya tsaya a kai aka fuskantar da shi alƙibla, tun kafin a san abin da ya faru. An rufe sittin da uku, an kifa wa kowa tukunyarsa. Nasa yana nan a buɗe, ruwa ya taru a ciki.

Abin da zan faɗa miki yanzu ya fi fasa tukunyar muni. Jiya na sami tsohuwar a bayan rumfar da suka kafa, tana cuɗa yumɓu. Na durƙusa na roƙe ta gafara, sannan na roƙe ta wani abu. Na ce ta gina wata tukunyar irin waccan, da buta da tsaga, mu cike ramin nan mu kifa ta a kai. Na ce uwarmu makauniya ce, za ta zo ta dafa ƙasa ta yi addu'a ta koma da sanyin zuciya, ba za ta taɓa sani ba. Ni, malamin Islamiyya, ni na kawo wannan shawara.

Ta ci gaba da cuɗa yumɓunta har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta ce, “Shekara hamsin ina gina tukunya, ban taɓa kifa shi a inda babu mutum ba. Mamanta ta haife ta da gaskiya. Ba zan sa ta yi kuka a kan ramin banza ba.” Ta ce in Inna ta zo, gidanta a buɗe yake, za ta kama hannunta ta kai ta bakin kwanon nan, su tsaya su biyu, ta ce mata ɗanmu yana ciki, ba mu san inda yake ba. Iyakar abin da take da shi ke nan.

Na san Allah ya san inda yake kwance, kuma ranar tashi ba za a nemi tukunya ba. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau ɗari, gaskiya ce, amma ba ta sa na iya cin abinci ba. Nan da shekara wani zai shimfiɗa kwalta ko ya gina ɗakin girki a kan ƙanenmu. Baƙin da ba su haɗa komai da shi ba sun adana shi wata biyar, ni na zo na ɓatar da shi cikin kwana biyar.

Gobe zan taso, jibi da yamma in Allah ya yarda ina gida. Kada ki karanta wa Inna ko layi ɗaya, kada kuma ki tace mata komai a wannan karon. Ni na yi, ni zan durƙusa a gabanta in faɗa da bakina, abin da ta ga dama ta yi da ni. Abu ɗaya nake roƙonki. Jakar nan da ta haɗa, ki ɗauke ta daga bakin gadonta kafin in iso, don ba zan iya yin maganar ina kallonta ba.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a. Allah ya jiƙan Abdulhakim a duk inda yake kwance.

Ƙanenki,
Zulkifilu